Ragar Gaban Motar Alhaji Bawa

Jiya da la'asar wani saurayi cikin masu zama a bencin ƙofar garejina ya ce wai fentin mota ba sana'a ba ce, danna kunamar bindigar feshi ce kawai, iska ta yi sauran aikin. Ban yi masa musu ba. Na ce ya ɗauko ƙyauren motar da ke jingine da bango, ya goge min shi da samfefa mai ruwa har yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Bai kai rabin sa'a ba ya tuna ana nemansa a gida. Tun da haka kuke gani, ku da kuka rage bari in ba ku labarin aiki guda.

Sunana Ummaru, kuma shekara bakwai na yi ina wannan gugar kafin a bar ni in riƙe bindigar feshi. Maigidanmu Malam Mamman Fenta, Allah ya jiƙansa, rumfarsa tana bayan tashar Jega. Mu biyu ne a hannunsa, ni da Sahabi. Na riga Sahabi zuwa da shekara biyu, na kuma girme shi, don haka Yaya yake ce min. Ni na koya masa yadda ake naɗe samfefa a guntun katako, da yadda ake kwaɓa foti don cike rami a jikin mota ba tare da ya bushe a hannu ba.

Wata a-kori-kura ta wani mahauci ce ta raba mu. Na yi kwana huɗu a kanta ina kankare tsatsa da maiƙon nama, na cike, na goge, na rufe gilasai da tsohuwar jarida. Ran da za a fesa, Maigida yana fama da ciwon kafaɗa. Na miƙa hannu zan karɓi bindiga, sai ya wuce ni ya ba Sahabi. Sahabi ya tsaya, ya gwada feshin a kan kwali sau ɗaya, ya ja hannu daga wannan kai zuwa wancan kamar mai shimfiɗa zane. Fenti ya kwanta, babu hawaye, babu ƙurji. Mahaucin da ya zo ɗaukar motarsa Sahabi ya yi wa kyautar tsire. Da na yi magana da yamma, Maigida ya ce, "Ummaru, kowa da inda Allah ya aje albarkatai. Kai hannunka na ƙasa ne, shi nashi na bisa." Daga ranar duk motar da ta shigo, ni ne a durƙushe cikin ruwan guga, Sahabi yana tsaye da bindiga.

Abin da wannan durƙuson ya ba ni shi ne na san ƙarfe. Na san wanda ke shan fenti da wanda ke tofar da shi. Na san warin tsatsar da ke ɓoye ƙarƙashin foti. Maigida kan zauna kusa da ni yana faɗa min irin waɗannan abubuwa lokacin da Sahabi ke can yana wanke bindiga da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Amma mai mota ba ya ganin abin da ke ƙasa. Ƙyalli yake gani, kuma mai ƙyalli yake gaishewa.

Da Maigida ya rasu, iyalinsa suka raba mana kayan aiki yadda ya yi wasiyya. Sahabi ya sami bindigar. Ni na sami akwatin samfefa da wuƙaƙen foti, da wata tsohuwar tukunyar iska da ake cikawa da famfon ƙafa. Na sayi tawa bindigar a kasuwa. Sahabi ya tafi Sakkwato ya yi shekara biyu, ya dawo da kwamfaresa, wato injin iskar feshi, da ƙaramin janareta, ya buɗe garejinsa a tsallaken titi, ƙofarsa na kallon tawa.

Sai aka ba mu jihar Kebbi. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Motocin gwamnati da aka rabo daga Sakkwato suka fara shigowa, wasu a sake musu launi, wasu a goge tsohon rubutun ƙyaure a sa sabo. Direbobi suna biyowa ta Jega, kuma ƙarar kwamfaresa suke bi. Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace yi min muni. Ƙofar Sahabi motoci a layi har bakin kwata, ni kuwa ina fentin akwatunan ƙarfe da ƙyamaren gidaje da tankunan babur. Akwai satin da keke biyu kaɗai na taɓa. In na ɗaga kai daga aiki, garejinsa nake gani. Na riƙa gaya wa masu shayi da direbobin tasha cewa fentin Sahabi tsinkakke ne, tina ta fi yawa, ba zai kai damina biyu ba. Ba gaskiya ba ne. Ya ji, kuma bai fasa tsallako titi kowace safiya ya ce min, "Yaya, ina kwana" ba.

Mota ɗaya ce nake ganin har abada tawa ce, motar Alhaji Bawa na Aliero. Alhaji babban ɗan kasuwar albasa ne, manyan motoci ke yi masa lodi zuwa kudu, amma abin da ya fi ƙauna wata tsohuwar baƙar mota ce ƙirar Ingila mai dogon hanci, wadda ya saya tun yana saurayi a hannun wani Bature mai aikin gona da zai koma gida. Ba a fito da ita sai Juma'a da Salla da babbar ziyara. Sau biyu aka sabunta fentinta a rumfar Maigida, kuma sau biyun ni na goge ta tun daga hanci har wutsiya. Kyanta duka yana ga ragar gabanta, wadda muke ce wa giril. Sanduna ne sirara a jere a tsaye, cikinsu baƙi, bakin kowanne da zirin ruwan azurfa. Ba baƙin ƙarfe ba ce. Sanholo ce, irin wanda ake tukwane da shi, shi ya sa ba ta da nauyi.

A farkon damina Alhaji ya tafi duba gonarsa wajen Giwa Tazo, suka dawo bayan magariba ranar da ƙwarin shinge suka tashi. Ƙwari suka manne a ragar suka bushe. Direbansa Ɗan'ige ya wanke da sabulu bai fita ba, sai ya karɓo sodar da matan gidan ke haɗa sabulu da ita, ya jiƙa a ruwan zafi, ya kwance ragar ya tsoma ta ya tafi cin abinci. Soda da sanholo ba sa ga maciji. Da ya dawo ruwan yana tafasa da kansa, fenti ya saɓule, zirin azurfar ya koma toka-toka kamar gindin tukunya.

Ina zaune na ga Ɗan'ige ya sauka daga mota da abu a cikin buhu. Na miƙe har ina kakkaɓe wando. Ya tsallaka wajen Sahabi.

Washegari na kasa haƙuri, na tsallaka da sunan aron tef. Ragar tana kan benci, Sahabi ya wanke ta, ya goge, yana shirin sa faraima, wato fentin farko da ke riƙe na sama. Na ɗaga ta na juya ta ga rana. A lungun kowane sanda, inda samfefa ba ta kaiwa, akwai wani farin gari kamar kanwa. Soda ce ba ta mutu ba. Faraimar da ke gefensa kuma ta baƙin ƙarfe ce, ba ta kama sanholo. Duk wannan a kallo ɗaya na gan shi.

Sahabi ya ce, "Yaya, mi kag gani? Ban taɓa aikin irin wanga ƙarfe ba."

Na ajiye ragar. Na ce, "Mi zan gani? Ai kai ne gwani. Motocin gwamnati ma ba su gagare ka ba."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya miƙo min tef ɗin.

Ya fesa ta, ta fito kamar ranar da aka ƙera ta. Kwana goma ta yi a haka. Ranar Babbar Salla aka ajiye motar a rana a bakin masallacin Idi na Aliero. Kafin a sauko, fentin ya kumbura ƙuraje-ƙuraje kamar mai ƙyanda, wani wuri ya tashi kamar ɓawon albasa. Ɗan'ige ya ba ni labari cewa abokan Alhaji sun kewaye motar, wani cikinsu ya sa farce ya ɓare wani sashe yana tambaya ko da kunun kanwa aka shafa. Kafin bayan Salla maganar ta iso tashar Jega, kuma mutane suka tuna abin da na daɗe ina faɗa a kan fentin Sahabi. Ƙaryata ta sami shaida.

Alhaji da kansa ya zo rumfata. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

"Ummaru, kai ka san motag ga tun wurin Mamman. An ce min can aka fi injin, shi ya sa na kai can. Ga abin da injin ya yi min."

"Ranka shi daɗe, ai injin ba shi sanin ƙarfe."

"Wana Malam Isa na Kuberi shina dawowa daga Makka nan da mako biyu. Na yi mashi alkawarin da ita zan kai shi gida. Ka iya ko in aika Kaduna?"

Na ce na iya.

Ga yadda na yi, ku saurara, don har gobe aikin bai canja ba. Na saɓule fentin Sahabi duka da tina da tsinken kara, ban kai ƙarfe kusa da ita ba don sanholo laushi gare shi. Na jiƙa tsamiya rabin kwano a ruwa har ya yi tsami mai kama haƙori, na tace, na tsoma ragar. Tsami ke kashe soda, Maigida ya gaya min wannan ina durƙushe. Na bi lungun kowane sanda da tsohon burushin haƙori, na ɗauraye da ruwan rijiya sau uku, na shanya. In farin garin ya sake fitowa in koma farko. Sau huɗu na koma. Sannan na yayyanka samfefa mafi laushi siri-siri, na naɗe a tsinken tsintsiya, na bi ramukan da soda ta ci ɗaya bayan ɗaya. Yatsuna suka tsattsage, tsamiya na shiga. Na hau mota zuwa Sakkwato na nemo faraimar sanholo, wata mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da kaifin wari, na shafa ta siririya. Kwana bakwai ke nan. Da ta bushe na kankara da farce, ko alama ba ta yi ba. A duk ƙasar nan ba wanda zai shirya wannan ragar fiye da haka, kuma har yau ban janye wannan maganar ba.

Saura feshi. Na cika tukunya da famfon ƙafa, na haɗa baƙi, na fesa. Tsakanin sandunan ƙunci gare shi. In ka matso, fenti ya taru ya zubo da hawaye. In ka ja baya, ya bushe a iska ya sauka kamar yashi. Na farko ya yi hawaye a wuri shida. Na bari ya bushe, na goge, na sake. Na biyu hadari ya taso ina tsaka da aiki, danshi ya shiga, baƙin ya yi hazo kamar idon makaho. Na sake gogewa. Na uku iska ta ƙare min a tsakiyar sanda. Kowace guga kuma tana cin faraimar da na sha wahala a kanta, abin da ya rage a gwangwani bai fi cokali uku ba. Ɗan'ige ya biyo ya ce an aiko cewa jirgin su Malam Isa ya kusa, saura kwana uku.

Na ce wa kaina laifin tukunya ne. Da sassafe, kafin tasha ta cika, na sa ragar a buhun albasa na zagaya ta bayan garejin Sahabi. Na same shi yana shara. Ƙofarsa mota ɗaya ce tak, inda a da ba wurin taka ƙafa.

Na ce, "Aron iska na zo."

Ya buɗe buhun, ya ɗaga ragar, ya shafa bayanta inda faraima ke nan ba fenti. Ya kankara da farce. Ya daɗe yana kallo.

"Sai rana ta ɗaga, Yaya. Yanzu akwai raɓa. Zamna."

Na zauna a kan gwangwani a bayan garejinsa har hantsi, inda ba mai gani na daga titi. Ya aika aka kawo koko da ƙosai, muka ci. Da rana ta yi zafi ya tayar da janareta, ya tace fenti da ƙyallen ɗankwali, ya miƙo min bindiga, ta Maigida ce.

"Ga iska, ga bindiga."

Na ce bari in gwada a kan wani abu tukuna. Akwai wata tsohuwar ragar a-kori-kura a jefe, na jingine ta na fesa. Iska ba ta yanke ba, fenti bai yi kauri ba, rana tana nan. Sanda na huɗu ya yi hawaye. Na tsaya ina kallonsa yana gangarowa. Sai na juya bindigar na miƙa masa ta wajen mariƙi.

Ya karɓa. Ya rataye ragar da waya, ya rage bakin bindigar har feshin ya koma kamar numfashi, ya karkata jikinsa, ya bi sandunan daga gefe maimakon gaba. Shafa uku ya yi, yana barin kowace ta sha iska. Washegari na dawo ta bayan gida na rufe cikin sandunan da tef, aikin da ya ci min yini, shi kuma ya ja zirin azurfar a wuce ɗaya. Da muka ɓare tef ɗin, ina ganin fuskata a cikin baƙin.

Ina mayar da ita buhu ya ce, "Yaya, ran da kaz zo aron tef, ka ga farin garin nan?"

Na ce, "Na gani."

"Na san ka gani. Na ga yadda ka aje ta."

Ya koma ya kashe janareta.

A Aliero na ɗaura ragar da hannuna a ƙofar gidan Alhaji, jama'a sun taru. Alhaji ya sunkuya ya bi zirin azurfar da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ummaru, ashe haka hannunka yake? Wanga feshi ko Mamman bai yi shi ba. Kuma da famfon ƙafa."

Na buɗe baki zan ce ba ni na fesa ba. Na dubi mutanen da ke tsaye, rabinsu masu motocin albasa ne. Na ce, "Ranka shi daɗe, Allah ne ya taimaka."

Da ita aka kai Malam Isa Kuberi, ta ratsa Maiyama mutane na nuna ta. Daga wannan watan aikin Aliero ya dawo hannuna, manyan motoci da ƙanana. Kafin shekara ta zagayo na sayi kwamfaresa. Feshin babbar mota ba ya son hannu irin na raga, kuma abin da na shirya ba ya tashi, don haka ba wanda ya taɓa kama ni. Sahabi bai faɗa wa kowa ba. Bayan damina biyu ya kwashe kayansa ya koma Birnin Kebbi, inda motocin gwamnati suke, can kuma ya yi suna fiye da nan.

Shekaru da yawa duk wanda ya kawo min aiki daga Aliero sai ya yi zancen ragar motar Alhaji Bawa. Abin da suke yabo kullum shi ne ƙyallin baƙin da miƙewar zirin. Ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya ce, dubi yadda ta riƙe fenti shekara da shekaru ba. Sai in ce na gode, in koma kan aikina raina a ɓace, don na san wa ake yabo a gabana da sunana.

Bara waccan na je Birnin Kebbi sayen kaya na biya ta wurinsa. Gareji ne babba, da rumfar feshi mai ƙofa da fanka. Shi kansa ya daina riƙe bindiga, tina ta ci ƙirjinsa, yana zaune a kujera yana tari. Ya yi ƙoƙarin tashi ya ba ni kujerar, na hana shi. Muka gaisa, muka yi zancen waɗanda suka rasu, har Alhaji Bawa.

Ya ce, "Motar tana nan?"

"Tana nan a hannun ɗiyanai. Injin ya tsaya, amma suna goge ta."

"Ragar fa?"

"Ko ƙwaya ɗaya ba ta tashi ba."

Ya gyaɗa kai. "To ai ka ga aikinka ke nan. Nawa na farko kwana goma ya yi. Na biyun ma da kwana goman zai yi in ba don abin da kas sa a ƙasa ba."

Maganar da na yi shekara talatin ina jiran wani ya faɗa ke nan, kuma daga bakinsa ta fito. Na so in ce masa ya yafe min. Sai wani ma'aikacinsa ya turo ƙofar rumfar feshi, wata farar mota ta fito tana ɗaukar ido. Na tashi na zagaya ta, na sunkuya na kalli gefen ƙyaure ta inda rana ke dukansa, ina neman hawaye ko ƙurji.

Sahabi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Duba da kyau, Yaya."

Na duba da kyau. Ban samu ba.